Tambaya da Amsa: Obo, Algaita da Kiɗan Mutum Huɗu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗan wana da ke karatu a Faransa ya turo mini bidiyon wani wasan kiɗa da ya halarta. Matasa ne huɗu zaune a wani ƙaramin zaure, uku suna goga kayan kiɗa masu kama da goge, ta huɗun kuma budurwa ce tana busa wani baƙin abu mai maɓallan ƙarfe, wanda amonsa ya tuna mini da algaitar fada. Ya ce sunan abin obo, kiɗan kuma na wani Mozart ne da ya rasu tuntuni. Babu ganga, babu mawaƙi, kowa da takarda a gabansa. Shin obo algaita ce da Turawa suka gyara? Kuma me mutum zai saurara a kiɗan da ba a faɗi komai a cikinsa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Kunnenka ya ji daidai, domin obo da algaita dangi ne, kuma hanyar da suke fitar da sauti ɗaya ce: ɓari biyu na kara ake haɗawa fuska da fuska, mai busa ya tura iska tsakaninsu su riƙa kaɗawa, bututun kuma ya mayar da kaɗawar amo. Dangin yana da faɗi, daga gaita ta Maroko har zuwa zurna ta Turkiyya da shahanai ta Indiya. Sai dai ba daga algaitarmu aka samo obo ba. Turai ma tana da nata abin busa na wannan dangi tun zamanin da, mai ƙara ƙwarai, wanda ake busawa a fili, kuma shi ne mabusan fadar Sarki Luwi na 14 na Faransa, musamman zuriyar Hotteterre da ta Philidor, suka sake wa ƙira a tsakiyar ƙarni na 17 don ya iya shiga ɗaki ya zauna da kayan goge ba tare da ya danne su ba.

Babban bambancin a baki yake. Idan ka tsaya kusa da mabushin Sarki ranar hawan Sallah, za ka ga karan gaba ɗaya yana cikin bakinsa, leɓɓansa sun jingina da ɗan faifan da ke ƙarƙashin karan, kumatunsa sun cika fam. Yana shaƙar iska ta hanci alhali kumatun suna ci gaba da tura wadda ke ciki, shi ya sa sautin ba ya yankewa, kuma yakan ratsa kakaki da ganguna da kofaton dawaki ya isa kunnen wanda ke can ƙarshen taro. Mai obo kuwa tsinin karan kaɗai take riƙewa tsakanin leɓɓan da ta naɗe kan haƙoranta, kuma da wannan riƙon take matsawa ko sassautawa, ta ɗaga sauti ko ta rage shi har ya kusa ɓacewa. Ƙofar karan tana da ƙanƙanta sosai, don haka ba ƙarewar iska ke wahalar da ita ba, yawanta ne: sai ta fara fitar da wadda ta tsufa a ƙirjinta kafin ta shaƙi sabuwa, a cikin ɗan taƙaitaccen sararin da kiɗan ya bar mata. Saboda haka ban yarda a ce ɗaya gyaran ɗaya ba ne. An ƙera algaita don filin ƙofar fada, an ƙera obo don zaure, kuma kowace ta kai matuƙa a wurin da aka yi ta dominsa.

Baƙin iccen nan da ka gani na Afirka ne, yawanci daga Tanzaniya da Mozambik ake samo shi, tsawon obo kuma kamar santimita 65. Karan da aka fi yabo a kudancin Faransa yake fitowa, a yankin Var, kuma ƙwararru da yawa da hannunsu suke ɗaure shi da zare, su kankare shi da wuƙa har ya yi siriri yadda suke so. Ka sake duba bidiyon, mai yiwuwa ka hangi ɗan ƙoƙon ruwa kusa da budurwar, domin sai an jiƙa karan kafin ya yi magana. Sauran ukun su ne biyolin, da biyola wadda ta ɗan fi ta girma da kaurin murya, sai celo da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Kowannensu tsirkiya huɗu gare shi, bakan da ake goga su da shi kuwa izgar doki ce da ake shafa wa ƙaro, kamar dai na mai gogenmu.

Yadda ka kwatanta su, kiɗan da ka gani shi ne wanda Mozart ya rubuta a birnin Munik na Jamus a farkon 1781, mai lamba K. 370 a jerin ayyukansa. Ya rubuta shi ne don abokinsa Friedrich Ramm, gwanin obo na lokacin, kuma kashi uku ne da ba su wuce kimanin minti 15 ba.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi nauyi a wurina. Mu mun taso algaita tana magana: idan ta busa taken Sarki, wanda ya san fada yana jin kalmomin kirarin a cikin sautin ko da babu wanda ya buɗe baki. Wannan kiɗan babu kalmomi a bayansa, kuma wanda ya zauna yana jiran su zai gaji bai ji komai ba. Abin da ke cikinsa hira ce ta mutum huɗu da suka san juna, ba su da mai sanda a gabansu yana ba su umarni. A kashi na farko obo ce take ɗauko karin, sai ka ji biyolin ta karɓe shi daga bakinta, ita kuma obo ta hau sama tana yi masa ado. Ka bi karin nan da kunne ka ga hannun da yake komawa, wannan kaɗai ya isa aikin saurare na farko. Kashi na biyu gajere ne, a hankali ake yinsa, kuma a nan ne nake ganin obo ta fi nuna abin da za ta iya: kayan goge ne suke farawa, sai ta shigo da sauti guda dogo wanda take soma shi can ƙasa-ƙasa tana ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan. A kashi na uku akwai wani wuri na gaɓa 13, wato ƙananan yankunan da ake raba rubutun kiɗa da su, inda masu goge suke ci gaba da takunsu mai ƙirgen shida, obo kuma ta koma ƙirgen huɗu a kansu, har su sake haɗuwa. Kunnen da ya saba da kalangu da ganga suna saɓa wa juna ba zai rasa gane wannan wurin ba.

Rashin ganga ba rashin taku ba ne. Celo yakan riƙe shi sau da yawa, sauran kuma a ido da numfashi yake. Ka lura da daƙiƙar da ke gaban farawa: mai obo za ta ɗan ɗaga kafaɗa ta shaƙi iska, sauran ukun su shaƙa tare da ita ko da yake su ba busa suke yi ba, sannan su faɗa kiɗan a tare. Takardar da ke gabansu tana faɗin sautin da za a yi da tsawonsa, amma ba ta iya faɗin daidai yadda za a lanƙwasa shi, ko tsawon jinkirin da za a yi kafin a sauke kari, ko wanda zai ja baya don ɗan'uwansa ya fito. Wannan duka a gwaji ake sasanta shi, wani lokaci da gardama, kuma shi ya sa rukuni biyu ba sa yin kiɗa ɗaya iri ɗaya.

Kada ka yi mamakin ganin matasa a kan wannan aiki. Mozart kansa yana wajen shekara 25 ya rubuta shi, Benjamin Britten na Ingila kuma yana ɗalibi ɗan shekara 18 ya rubuta nasa kiɗan na obo da kayan goge uku a 1932, wanda ya sadaukar ga mabushi Léon Goossens. Ina ba ka shawara ka neme shi bayan na Mozart, domin celo ne yake buɗe shi shi kaɗai da wani taku kamar na tafiyar sojoji daga nesa, obo kuma takan yi shiru na tsawon lokaci a tsakiya kafin ta dawo. Irin waɗannan ƙananan zaurukan su ne inda matasan da suka fito daga makarantun kiɗa suke fara samun suna, wasu kuma ta hanyar gasa, kamar ta ARD, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Jamus, da ake yi a Munik tun 1952, wadda mabushin Suwizalan Heinz Holliger ya ci a 1961. Ni ina son sauraron matasa a wannan kiɗan, saboda mutum huɗu ba su da inda za su ɓuya, kuma wanda bai riga ya yi suna ba yakan zuba duk abin da yake da shi. Idan za ka sake kallo, ka sa abin saurare a kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye muryar celo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou. Na kalli irin wannan wasan a YouTube, na ga masu sauraro sun yi tsit, babu guɗa, babu liƙi, har makaɗan suka tsaya suka juya takarda ba wanda ya tafa. Wannan ba rashin girmamawa ba ne? Kuma ɗan nan zai iya koyon wannan kiɗan?

AMSA: Barka kadai, Malama. Shirun shi ne girmamawar a wurinsu. Ba a sa lasifika a wannan kiɗan, kuma wurarensa mafi daɗi sau da yawa su ne mafi sanyin sauti, don haka tari ɗaya ma yana iya shafe su. Tsayawar da kika gani tsakanin kashi da kashi ce, kiɗan bai ƙare ba, sai an kammala duka ake tafi. Al'adar ba ta da daɗewar da ake zato, domin Mozart da kansa ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris a 1778 yana murnar an tafa masa ana tsakiyar kiɗa. Ladan makaɗan kuwa a kuɗin shiga yake da tallafin masu shirya wasan.

Koyo yana yiwuwa, amma ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Obo ta ƙwararru kuɗinta miliyoyin sefa ne, iccenta yana tsagewa a busasshiyar iska irin ta hunturunmu, karanta kuma ba ya daɗewa, dole a riƙa sake shi. Biyolin ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. 'Yan Afirka sun daɗe a wannan fage: Fela Sowande na Najeriya ya rubuta kiɗan kayan goge a kan karin Afirka ta Yamma tun 1944, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantar kiɗa, a Kinshasa akwai babbar ƙungiyar makaɗa tun 1994, Chi-chi Nwanoku kuma, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar makaɗa ta Chineke! a Ingila a 2015 don buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya, kuma nan ne ya kamata ki fara tambaya idan kin samu zuwa. Kafin nan ki koyi karatun rubutun kiɗa, wanda darussansa suna nan da Faransanci a intanet kyauta, sannan ki nemi wani mai goge a nan gari, da izinin iyayenki, ya nuna miki riƙon baka da yadda ake daidaita sauti da kunne, domin biyolin ma ba ta da alamar da ke nuna wa yatsa inda zai sauka.