Tambaya da Amsa: Injin Washi Mai Ruwa da Kayan Aikin Kafinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Zariya, kuma kwanan nan na sayi injin washi, irin wanda dutsensa ke juyawa cikin ruwa. Ya cika nawa, cizal ɗaya sai ya ci mini lokacin da tsohon injina busasshe zai wasa biyar, sannan dutsen ya fara lilo idan yana juyawa. Shin asarar kuɗi na yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ka yi asara ba, domin nawar da kake kuka da ita da gangan aka yi ta. Busasshen injin da aka saba gani a shagunan walda yana juyi kusan sau 2,800 a minti ɗaya, alhali mai ruwa, kamar babban samfurin da kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin ke ƙerawa, dutsensa mai faɗin milimita 250 ba ya wuce juyi 90.

Dalilin wannan bambanci zafi ne. Bakin cizal siriri ne ƙwarai, saboda haka da zarar ya haɗu da dutse mai gudu, nan take yake ɗaukar zafin da ya fi ƙarfinsa. Idan ka lura, yakan fara yin ruwan ɗorawa, sannan ya koma shuɗi idan zafin ya kusanci digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Duk wurin da ya yi shuɗi ya rasa taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, kuma tsoma shi cikin gwangwanin ruwa bayan ya ƙone ba zai dawo da taurin ba. Irin wannan cizal zai yi kaifi a ido, amma da ka ɗora shi a kan katako mai tauri kamar maɗaci ko kirya, sai bakin ya lanƙwashe, ka sake komawa wurin washi. Dutse mai ruwa yana sanyaya ƙarfen a duk juyi, yana wanke ɓurɓushinsa, kuma ba ya cinye cizal ɗin da ka saya da tsada.

Wajen aiki da shi, ka kwantar da bakin cizal a kan kusurwar digiri 25, ko 30 idan za ka riƙa dukansa da guduma a katako mai tauri. Kada ka dogara da hannunka kaɗai; ka ɗaure ƙarfen a maƙalin da ke zuwa tare da injin. Kafin ka kunna, ka shafe bakin da baƙar maka, ka juya dutsen da hannu sau biyu, ka duba inda tawadar ta goge. Idan a tsini kawai ta goge, ko a gindin bakin kawai, to kwanciyar ba ta daidaita ba, sai ka gyara. Ka ci gaba da washi kana kai ƙarfen dama da hagu a kan faɗin dutsen gaba ɗaya, har sai ka shafa bayan cizal ɗin ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso daga gefe zuwa gefe. Wannan ce alamar an kai ga kaifi. Sai ka kawar da gashin a kan faifan fatar da ke ɗaya gefen injin. Bayan cizal kuwa shimfiɗaɗɗe ake so, don haka kada ka kai shi kan gewayen dutsen.

Lilon da dutsenka ke yi kuma, mai yiwuwa laifin kwana cikin ruwa ne. Idan aka kashe injin aka bar ruwa a mazubin, ɓangaren dutsen na ƙasa ya kwana yana sha, sai ya fi na sama laushi da nauyi, ya riƙa cinyewa da sauri har dutsen ya daina zama da'ira. Akwai ɗan ƙarfe mai bakin lu'ulu'u da ake feƙe dutsen da shi ya koma daidai. Bayan haka, ka riƙa zubar da ruwan duk yamma, ka goge kayan aikin da tsumma, ka shafa musu ɗan mai saboda tsatsa. Tun da ruwa da lantarki ne a wuri ɗaya, ka tabbatar wayar injin ba ta da ɓaraka.

Abin da ban yarda da masu tallar injin ba shi ne cewa zai yi maka komai. Idan bakin gizago ko gatari ya ɓalle sosai, gara ka fara rage shi a busasshen injin, a hankali, kana ɗagawa kafin ya yi zafi, sannan ka ƙarasa a mai ruwa. Haƙoran zarton inji masu ƙarfen kabayid, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, kuwa dutsen da ke kan injinka ba zai ci su ba, sai dutsen lu'ulu'u.