Amsa: manhajata ta ƙi tashi, tana neman libssl.so.1.1

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka harhaɗa manhajarka a Ubuntu 20.04 tana aiki lafiya lau, da ka ɗauke ta a kile ka kai kwamfutar maigidanka mai Ubuntu 22.04 a unguwar Ali Dan Sofo, sai ta tsaya da "error while loading shared libraries: libssl.so.1.1". Kwantar da hankalinka, abin da ka rubuta ba shi da laifi. Manhajar ba ta ɗauke da laburaren, wato fayil ɗin libssl.so.1.1 da take dogara da shi, a cikinta, sunansa kawai ta riƙe, sai lokacin tashi ake nemo mata shi.

Fara da ldd ./manhajarka, umarnin da ke jero duk laburaren da take buƙata. Duk layin da ya ƙare da "not found" shi ne ciwon. Daga nan tambaya ɗaya ce: fayil ɗin babu shi sam, ko yana nan ba a gan shi ba?

Naka babu shi. Ubuntu 22.04 ta koma OpenSSL 3, sabon zubin manhajar tsaron da libssl ke fitowa daga cikinta, abin da ke cikinta libssl.so.3 ne. A nan ne nake roƙonka, don na sha ganin yara suna yi: kada ka yi ln -s ka laƙa wa libssl.so.3 sunan 1.1. Kamar ka sa wa ƙane rigar wa ne ka ce ya je ya amsa kira a madadinsa. Lambar nan ta ƙarshe ba ado ba ce, tana canzawa ne idan tsarin cikin laburaren ya canza, shi ya sa bayan dabarar za ka ga "version OPENSSL_1_1_0 not found". Ka sa libssl-dev, ƙunshin da ake buƙata wajen harhaɗawa da libssl, a sabuwar kwamfutar, ka sake harhaɗawa a can. Ba zai ci maka forfe mai yawa ba.

Wata rana kuma za ka tarar fayil yana zaune a /usr/local/lib bayan make install, amma ana cewa babu. Buga sudo ldconfig ya sabunta /etc/ld.so.cache, jerin laburaren da aka sani, don shi ake dubawa, shi kuwa bai san da baƙon ba. In wani wuri ka aje shi, rubuta hanyar cikin fayil mai ƙarewa da .conf a /etc/ld.so.conf.d, ka sake ldconfig. LD_LIBRARY_PATH, wata hanyar nuna inda laburare yake, ni don gwaji kawai nake taɓa shi.

In ka ga "wrong ELF class", rikicin 32-bit da 64-bit ne tsakanin manhajar da laburaren, umarnin file zai nuna maka. Turo mana abin da ldd ya fitar gaba ɗaya, in da wani "not found" mu duba tare.