Tambaya da Amsa: Ɗalibaina sun haddace "if" amma sun kasa aiki da ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Kumo, ina koyar da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Zangon da ya wuce na koya musu jumlolin sharaɗi, masu ɗauke da "if". Na rubuta nau'i na ɗaya da na biyu da na uku a allo, suka haddace tsaf. Amma da na ba su rubutun wasiƙa sai ga "If you came tomorrow I will give you" da "If I have known I will not go". Ga WAEC baɗi. Ta ina zan ɓullo musu?
Malama daga Kumo, Jihar Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka, ya ba ki ladan damuwa da yaran nan. Abin da kika yi shi ne abin da yawancin littattafan nahawu suka tsara, sai dai tsarin yana sa yaro ya riƙe lamba da siffar aikatau, ma'ana kuwa a bar ta a baya. Alhali ma'anar nan yaranki sun zo da ita daga gida. Yaron da ke cewa "idan Baba ya dawo daga kasuwa zan faɗa masa" ya san sharaɗin da ke iya faruwa. Yarinyar da ta ce "da na sani da ban ba ta aron littafina ba" ta san sharaɗin da ya riga ya kuɓuce. Hausa ta ba mu "idan" ga na farko, ta ba mu "da… da…" ga na biyu. Daga nan nake so ki fara.

Dubi kuskuren farko da kika kawo, domin ba sakaci ba ne. Mukan ce "sun zo jiya", mu kuma ce "idan sun zo gobe zan ba su". Siffar "sun zo" ɗaya ce a duka biyun, ko da yake goben ba ta yi ba tukuna. Yaro na tunani da Hausa, ya ji "sun zo", hannunsa ya rubuta "came". Ki rubuta jumlolin Hausar nan biyu a allo, ki ja layi a ƙarƙashin "sun zo", sannan ki nuna musu cewa a nan Turanci ya rabu da mu: "If they come tomorrow, I will give them." Bayan "if" aikatau na lokacin yanzu, "will" kuma ya koma ɗaya ɓangaren. Ki zauna a kan wannan mako guda cur, kada ki taɓa sauran.

Inda aikin yake da gaske shi ne "da… da…", domin Turanci ya raba shi gida biyu, mu kuwa ba mu raba wutsiyar jumlar ba. Ki saurari waɗannan: "Da ina da kuɗi da na sayi babur." "Da na samu kuɗi bara da na sayi babur." Ƙarshensu iri ɗaya ne. A Turanci ta farko ita ce "If I had money, I would buy a motorcycle", maganar yanzu ce, buri ne kawai. Ta biyu kuwa "If I had got money last year, I would have bought a motorcycle", an wuce wurin, bakin alƙalami ya bushe. Shi ya sa ni nakan koya wa yaro ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya ɗora biro: abin nan zai iya faruwa? Idan ba zai iya ba, maganar yanzu ce ko ta abin da ya wuce? Wanda ya amsa waɗannan ya zaɓi siffa, ko da bai tuna lambarta ba.

Misalan kuma ki ɗebo su daga ƙofar gidajensu. Lokacin da nake aji nakan fara da jumla ɗaya, "If it rains tonight, we will plant beans", na kusa da ni ya ɗauki wutsiyar ya mayar da ita kai, "If we plant beans, we will sell them in Gombe", haka har layin baya. Ajin kan kaure da dariya idan waken ya kai wani ga auren mata biyu, amma kowa ya furta siffar da bakinsa. Ga buri, ki ce kowa ya zama shugaban ƙaramar hukumar Akko na minti ɗaya: "If I were the chairman, I would repair our road." Za ki ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ga abin da ya wuce, tarihinmu ya isa: "If Gombe State had not been created in 1996, we would have remained in Bauchi State." Nau'in gaskiyar yau da kullum, irin "If you heat shea butter, it melts", ba ya ba yaranmu wuya, darasi ɗaya ya ishe shi.

Na san akwai makarantun da ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa a aji. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Minti biyar na kwatanta harsunan biyu a allo ba zai rage wa yaro Turanci ba, sauran lokacin darasin kuma a yi shi da Turanci zalla. Idan akwai masu jin Fulatanci ko Tangale a ajin, ki tambaye su yadda suke faɗin irin wannan magana, su ma su ga nasu.

Sai sun zauna daram a kan ukun nan za ki kawo musu abin da WAEC da NECO da JAMB ke son sakawa a tambayoyin cike gurbi: "unless", da juyin nan na "Had I known, I would not have gone", wanda shi ne gyaran jumla ta biyu da kika aiko. Wajen duba wasiƙunsu kuma kada ki gyara da jan biro. Ki ja layi, ki rubuta a gefe: yanzu ko an wuce? Yaron ya gyara da kansa ya dawo miki da shi.

TAMBAYA: Baba Malam, don me ake cewa "If I were you" alhali an koya mana "I was"?
Wani ɗalibi daga Azare, Jihar Bauchi

AMSA: Ɗana, tambayarka ta yi kyau. Wannan "were" ba ta jam'i ba ce, tsohuwar siffa ce da Turanci ya ajiye don abin da ba haka yake ba, kamar yadda muke cewa "da ni ne kai". Za ka ji Turawa da kansu suna cewa "If I was rich" a hira, ba kuma wanda zai tsayar da su. Amma a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ka rubuta "were", ko da mai aikin "I" ne ko "he" ko "she".