Yadda Jackson zai zaɓi aji bayan saƙon JSON ya iso

Ɗan'uwa, ka ce saƙonnin JSON na shigo wa manhajarka ta Java, wani na biyan kuɗi, wani na mayar da kuɗi, kuma ba ka sanin ajin (class) da za ka zuba kowanne sai ya iso. Jackson, laburaren Java mai karanta JSON, zai iya zaɓar maka.

Ka sa wa kowane saƙo fili guda, misali "iri": "biya". A kan babban ajin ka ɗora @JsonTypeInfo da Id.NAME, ka nuna masa filin "iri", sannan @JsonSubTypes ya jera ƙananan: "biya" na ajin Biya, "mayarwa" na Mayarwa. Jackson zai leƙa filin ya gina wanda ya dace. In ba kai ka tsara saƙon ba, karanta shi da readTree, ka duba da kanka, ka miƙa wa treeToValue ajin da ka zaɓa.

Amma don Allah kada ka bari saƙon ya zo da cikakken sunan aji, wato Id.CLASS ko enableDefaultTyping. Ta wannan kafa aka samu ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2017-7525: maharin zai aiko da sunan ajin da ya ga dama, sabarka ta gina shi, umarninsa ya gudana. Shi ya sa sigar Jackson 2.10 ta 2019 ta zo da PolymorphicTypeValidator, mai tantance azuzuwan da ka yarda a gina. Duk sunan da ba ya cikin jerinka, manhajar ta ƙi karɓarsa tun daga ƙofa.