Sikeli bai san leda ba

Ummita, na ga saƙonki tun daren jiya, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Barka da arziki, Allah ya sa bizar nan ta zame miki alheri, ya sa a je a sa'a. Na ga hotunan ma: akwatuna biyu a buɗe a kan gadon Inna, kaya sun yi tsiri har sun fi murfin tsawo, ga kuma ledojin nan na zuƙe iska da ƙawarki ta ce ki sayi dozin guda, wai da su ko katifa sai ta shiga akwati. Kina tambaya ko ki saya, kuma ko za su sa ki iya kwaso duk abin da kika ware na tafiya karatu a Sheffield, nan Birtaniya.

Ki saya, amma uku ko huɗu sun ishe ki. Maganar kwaso duka kuwa, ki cire ta a ranki.

Bari in ba ki labarin kunyar da na sha a 2016, lokacin kina ƙaramar sakandare. Kwana biyu na yi ina cusa kaya a irin waɗannan ledoji, ina zuƙe iskar da ɗan famfon hannu har hannuna ya yi tsami. Bargona mai damisa, wanda ya cika rabin akwati, ya koma kamar faifai. Da na ga fili ya samu sai na ƙara atamfofi, na ƙara takalma, na ƙara gwangwanayen da Inna ta haɗo min. Zif ya rufu salin alin, ni kuwa ina ta yaba wa dabarata. A filin jirgi aka ɗora akwatin a sikeli, sai ga 31. Ma'aikaciyar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce kilo 23 ne haƙƙina, ko in rage ko in biya, kuma kuɗin ƙarin kaya da dala ake lissafa shi. A nan ƙasa na durƙusa na buɗe akwati, layi yana kallona, Baba yana tsaye a kaina bai ce uffan ba. Ina yage bakin leda ɗaya sai bargon ya shaƙi iska ya kumbura, ya ture duk abin da ke kusa da shi. Da shi Inna ta koma gida a hammata, har yau shi take shimfiɗa wa baƙi.

Iska kawai ledar take cirewa, iska kuwa dama ba ita ce nauyin ba. Haɗarinta ma a nan yake: akwatin da bai cika ba yana yaudarar mutum ya ƙara. Yawancin jiragen da ke tasowa daga Kano ko Abuja suna ba mai ƙaramin tikiti akwati biyu, kowanne kilo 23, amma ki duba naki tikitin da idonki, don akwai masu rahusar da akwati ɗaya suke bayarwa. Ba a haɗa lissafi a ce wannan 27 wancan 19, kowanne da kansa ake auna shi. Wanda ya wuce kilo 32 kuwa ko kin ce za ki biya ba za su karɓa ba. Ki tuna akwatin da kansa, ba komai a ciki, yakan ci kilo 4 zuwa 5. Turmin atamfa ɗaya ya haura rabin kilo, na taɓa aunawa don haushi. To ki lissafa goma sha biyun da na ƙirga a hotonki.

Don haka kafin leda ki nemi ɗan sikelin ratayawa, mai ƙugiya. In ba ki samu ba, ki hau sikelin bene ke kaɗai, ki sake hawa rungume da akwatin, ki cire na farko daga na biyu. Ki tsaya a kilo 22, domin sikelin gida da na filin jirgi ba su cika yin shiri ba.

Inda ledar take da rana shi ne kaya masu kumburi marasa nauyi: rigar sanyi, suwaita, safa, tawul, zanin gado, hijaban jersi. Waɗannan ki matse su son ranki. Amma shaddar Inna da kika ce za ki ɗinka ta sallah, kada ki kuskura. Bugun da aka yi mata zai karye, ta fito da layuka kamar an tauna, kuma a nan babu masu bugu da za ki kai wa. Leshi mai duwatsu shi ma a'a, duwatsun kan huda ledar, ki kwana kin matse ki tashi ta kumbura. Waɗannan ki ninke su a shimfiɗe a saman kaya. Kada kuma ki rufe abin da bai gama bushewa ba, yanzu damina ce, kwana uku a leda ba iska ya isa ki buɗe ki ji warin fumfuna.

Ledojin iri biyu ne. Akwai mai ƙofar famfo, akwai wadda ake nannaɗewa da hannu kamar tabarma iskar ta fita ta ƙasa. Ta biyun nake so ki saya, duk da ba ta kai ta farko matsewa ba. Dalili shi ne bincike. A filayen jirginmu jami'ai sukan sa a buɗe akwati su laluba da hannu, kuma abin da ya daskare kamar bulo a leda shi ya fi jan idonsu. In an ce buɗe, dole ki buɗe. Mai nannaɗewa za ki mayar da ita a minti biyu ki danne da gwiwa. Mai famfo kuwa, in famfon yana gida, kin shiga uku. In ita kika saya, ki sa famfon a sama-sama, kuma ki bar sarari a akwatin ko da leda ɗaya za ta ƙi komawa.

Ƙananan jakunkunan nan masu zif da ake jera kaya a ciki ba sa rage komai, amma ni na fi ƙaunarsu. Ɗaya ta kayan ciki, ba sai wani ƙato ya ɗaga miki su a bainar jama'a ba. Ɗaya ta mayafai da ɗankwalaye. Ɗaya ta caja da wayoyi. In kuɗi sun yi kaɗan, tsofaffin rigunan filo na Inna za su yi wannan aikin. Ghana-must-go dai ki bar ta a gida, wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓarta, Ethiopian Airlines ma ta sanar da haka a ƙarshen 2023 saboda tana maƙalewa a bel ɗin kaya.

Yanzu abin da ya fi komai, me ya cancanci kilo 46 ɗin nan. Bargo da filo da manyan rigunan sanyi duk ki cire. Sanyin Satumba a nan bai wuce hunturun Jos ba, ruwan sama ne ya fi damu, sanyi na gaske sai Disamba zuwa Fabrairu. Kafin nan kin san hanyar Primark, kantin sutura mai rahusa, da shagunan gwanjon nan na ƙungiyoyin agaji, kuma bargon gado ɗaya bai kai fam 20 ba. Rigar sanyi ɗaya mai hula ki riƙo a hannu, ba a auna abin da ke jikinki. Shinkafa, semo, man ja, doya, duk akwai su a shagunan 'yan Afirka. Garin gero ma akwai a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, bajra suke ce masa, da shi nake kunu. Soket ɗinsu kuma irin namu ne mai baki uku, cajarki za ta shiga kai tsaye.

Abin da za ki yi kuka da rashinsa shi ne kuka mai kyau, busasshiyar kuɓewa, daddawar kalwa, yajin ƙuli, kanwa, sai ɗinkakkun kayanki, domin kuɗin tela a nan sai ya sa ki hawaye. A daka komai a niƙe, a ɗaure, a rubuta sunansa da Turanci a jiki. Daddawa ki yi mata leda uku da roba mai murfi, kuma kada ta haɗa akwati da mayafanki. Na taɓa shiga aji wata guda ina ƙamshin miyar kuka, turare bai yi komai a kai ba. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, matsewa a leda ba ta halatta su, in an gani za a ƙwace. Na san Inna za ta ce ai ɗan kaɗan ne. Ki ce ni na hana. Busasshen kifi an yarda da shi, dabino ma haka. Humra ki naɗe bakin kwalbar da salatif ki sa a babban akwati, don a jakar hannu ba a wuce mililita 100 a kwalba. Turaren wuta ki kawo kaɗan, ɗakunan ɗalibai suna da na'urar jin hayaƙi, kasko ɗaya zai fito da mutanen bene gaba ɗaya waje cikin dare.

Saƙo kuma, Ummita, ki buɗe kunne. Da an ji za ki tafi, 'yan uwan da ba ki taɓa gani ba za su ɓullo da ƙunshi. Duk wanda ya kawo abu a matse a leda, ki buɗe a gabansa, in ya ɓata rai ya koma da abinsa. A filin jirgi ki ƙirga takardun kayan da aka liƙa da sunanki, akwati biyu takarda biyu. Kin tuna ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a Afrilun 2019 aka sako ta. Ki ɗauki hoton akwatunanki da na takardun kafin ki bar wurin.

Jakar hannu kilo 7 ko 8 ce, gwargwadon jirgi. Fasfo, takardun makaranta, takardar gwajin tarin fuka, kwamfuta, power bank (ba a yarda a sa shi a babban akwati ba), maganinki a kwalinsa, da kayan sawa na kwana biyu, ko da akwati zai yi lattin zuwa. A nan ma leda ɗaya mai nannaɗewa za ta yi miki amfani.

Ki raba kayan miya da na sawa tsakanin akwatunan biyu yadda in ɗaya ya maƙale a Doha ko Addis Ababa ba za ki tashi a tutar babu ba. Sannan ki gwada jan su biyun ke kaɗai daga ɗakin Inna zuwa bakin titi, da jakar a bayanki. In ta filin jirgin Heathrow na Landan za ki sauka, haka za ki ja su a jirgin ƙasa na layin Piccadilly kusan awa guda zuwa tashar St Pancras, sannan wasu awa biyu a wani jirgin zuwa Sheffield, garin da duk tudu ne, kuma babu ɗan dako.

Ki turo min lambar jirgin da ranar, in na samu hutu zan zo tasha in tare ki. A cikin kilo 46 ɗin ki ware min ɗaya: rabi kuka, rabi yajin Inna, ba na kasuwa ba. Ki gaishe ta, ki ce mata bargon ya zauna inda yake.