Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan feshin ciyawa bayan shukar wake

Assalamu alaikum Malam. Na karanta tambayarka cewa ka yi feshi washegarin shuka amma ciyawa ta fito kamar ba a yi komai ba, wakenka kuma ya yi rawaya, sai na ji kamar labarina kake bayarwa.

Shekarar da abin ya same ni, a gonata ta hanyar Badagishiri, wani mai sayar da magani a kasuwa ya zuba mini farin ruwa a cikin gorar da babu takarda, ya rantse cewa na wake ne. Waken ya tsiro lafiya, bayan kwana goma gefen ganyen ya fara ƙonewa, na durƙusa ina taɓa shi yana marmashewa a hannuna. Daga baya malamin gona ya tabbatar mini atrazin ne, maganin masara da dawa, wanda wake ba ya jurewa. Irin ma bashi na ci na saya. Da na koma wurin mutumin, ko kallona bai yi ba, ya ce hannuna ne ya yi nauyi. Har yau idan na wuce rumfarsa zuciyata tana ɓaci.

Don Allah ka duba sunan sinadarin a jikin kwalbar. Wanda na ga amfaninsa a wake shi ne pendimetalin, wanda ake sayarwa da sunan Stomp. Ba ya kashe ciyawar da ta riga ta fito, ƙwayar da ke tsirowa yake kamawa, saboda haka dole a fesa shi cikin kwana 2 bayan shuka, ƙasa tana da laima. A busasshiyar ƙasa asarar kuɗi ce kawai, kuma ina zargin abin da ya sa ciyawarka ta fito ke nan.

Jigawarmu ta Tawa rairayi ce, ruwa yana saurin kai maganin ga saiwa, don haka ka ɗauki ƙaramin awon da takardar ta nuna. Idan ka haɗa waken da hatsi a gona ɗaya, ni ban ba ka shawarar fesa shi ba, domin yana iya taɓa hatsin. Yana rage ƙarangiya da harkiya, amma ƙuduji sai dai a shuka irin waken da ke jure masa. Bana kam ka ɗauki hauya ka yi firi tun ciyawar ba ta rufe abin da ya rage ba.