Amsa kan maganar dinya da gadin gona

Toh yarona, naga tambayarka, wai kana so ka sayi dinya guda biyu ka zuba a bayan gidan da kake haya a Agege, su riƙa gadin kajinka kuma ka huta da biyan maigadi. Bari in gaya maka yadda abin yake tun kafin kuɗinka su fita daga aljihu.

Gaskiya ne dinya tana gadi, ba ƙarya aka maka ba. Idonta yana da kaifi, barcinta ba nauyi, kuma ta san mutanen gida ta san baƙo, da zarar wani ya doso katanga zata ɗaga wuya ta fasa ihu sauran su amsa mata, duk unguwa sai an ji. Tun zamanin da ake ba da labarin yadda dinya suka tashi mutanen birnin Rum daga barci wajen shekara 390 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da abokan gaba suka lallaɓo da dare, kuma a wannan zamanin akwai gidan yari a jihar Santa Catarina ta ƙasar Brazil da suke sakin dinya a tsakanin shinge da katanga suna sintiri. Amma ka lura, aikinta ta tashe ka ne kawai, kamar ƙararrawa. Ɓarawon da ya shirya zai kama ta a wuya ya jefa a buhu ya haɗa da kajin, ai ita ma kuɗi ce, karen unguwa ma in babba ne zai iya kashe ta. Saboda haka in babu mutumin da yake kwana a gurin wanda zai fito in ta yi kuka, wlh ba abin da ka tsare. Maigadi yana nan daram, dinya mataimakiyarsa ce.

Sai maganar guri, nan ne fa nake ganin lissafinka bai fita ba. Dinya ciyawa take ci, yini take tana kiwo tana tsinkar ɗanyen haki, ribar kiwonta kenan, don masara da dusa kaɗan zaka ƙara mata da yamma. In ka kulle ta a kan siminti a gidan haya to komai sai ka saya, ga kashi mai yawa mai ruwa-ruwa ga ihu tsakar dare, kaga maƙwabta da mai gida ba zasu barka ba, ka san halin zaman Legas ɗaki na kallon ɗaki, sati ɗaya za a kai ƙararka. Sannan namijin in lokacin barbara ya zo ko macen tana kwanci baya ragawa kowa, yana cizo yana duka da fiffike, ɗan mutane ya faɗi ya ji ciwo kai zaka biya asibiti. In dai da gaske kake ka kai su gonar da muke aiki ta wajen Ikorodu inda akwai fili da ciyawa, in rani ya yi ciyawa ta ja baya sai ka riƙa kwaso ragowar ganyen kabeji da latas daga kasuwar Mile 12, amma ka tsince ruɓaɓɓen.

In zaka saya don gadi ka nemi irin na Sin, masu dogon wuya da ƙullutu a saman baki, sun fi kowanne surutu kuma sun fi ƙwai. Manyan farare irin Embden na Jamus don nama ake ajiye su, namiji yana kai kilo 10. Kar ka yarda da mai sayarwa ya nuna maka da baki yace wannan mace wannan namiji, kamanninsu ɗaya musamman suna ƙanana, ka kira ni in duba maka ta ƙarƙashin wutsiya. Namiji 1 mata 3 ya wadatar.

Kar kuma ka sa rai da ƙwai irin na kajin gidan gona. Dinya lokaci gareta, ta yi 20 zuwa 40 a shekara ta tsaya, sai dai ƙwan ƙato ne ɗaya ya kusa na kaza uku. Kwanci kwana 28 zuwa 30 ne, wani lokaci ya ɗan gota, ba 21 irin na kaza ba, don haka kar ka ga sati uku ya wuce ka ce ya lalace ka zubar. Ka ajiye musu ruwa a rabin durom ko baho mai zurfin da zasu nutsa kai su wanke ido da hanci, in da hali ma wanda zasu shiga, barbara ta fi kamawa a cikin ruwa. Kiwo ne na mai haƙuri, suna iya shekara 15 zuwa 20 a raye.

'Ya'yan su ne wahala a garin nan saboda damina. Kafin gashi ya rufe su ruwan sama ɗaya na watan Yuni ya isa ya kwantar maka da su, ka ajiye su a busasshen guri mai ɗumi kana canza musu diddigar katako akai-akai. Abincin da ya sha danshi ya yi funfuna kuwa guba ne a gurinsu, buhu ya hau kan katako kar ya taɓa ƙasa.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗa su da kaji da kace zaka yi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, ta fara bayyana a jihar Kaduna kuma ta iso har Legas, su tsuntsayen ruwa irin agwagwa da dinya suna iya ɗauke da ita ba tare da ka ga alama ba, kaji su yi ta mutuwa su suna yawonsu. Don haka kejin kaji daban, dinya suna zagayawa ta waje, ruwan shansu daban, kuma duk wadda ka sayo daga kasuwa ka ware ta sati biyu zuwa uku kafin ta kusanci sauran. Ka bari ranar Asabar in mun gama allurar kaji mu je tare, kar ka ba kowa kuɗin kafin alƙalami.